Manuwal ko otomatik, wace a-kori-kura ce za ta ja mani ɗaki mai taya zuwa gona?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nike nema wajen masana mota. Yayana da ke Jamus ya turo mani wani abu ta Kwatano, irin ɗakin nan mai taya da Turawa ke ɗaurawa bayan mota su tafi yawon shan iska, karaban suke ce mashi, da gado ciki da ɗan kicin da bayi. Yanzu haka yana nan ajiye ƙofar gidana nan Ƙofar Ƙaura yara sun maida shi wajen ɓuya. Ni kuma ina noman rani can bayan Daura wajen dam ɗin Sabke, kullum sammako daga Katsina in dawo da dare a gajiye, shi ne na ce bari in riƙa jan shi in kai gona in kwana biyu ukku can, in damina ta kama in maido shi gida. Jikin ƙarfen gaban an buga 1500 kg. Dillali ya nuna mani Hilux biyu duk masu fetur 2.7, ɗaya manuwal ɗaya otomatik, kuɗinsu kusan ɗaya. Ni dai otomatik ta fi kwanta mani a rai don gwiwata ta hagu ta fara ba ni matsala, amma duk wanda na gaya ma sai ya ce otomatik ba ta jan kaya. Wacce zan ɗauka?

Ɗan Mashi: Hhhh Alhaji an ci gaba, wasu na gina bukka a gona kai ka taho da falo. Ranar da za ka wuce ta Mashi ka yi mani waya in fito da yara kallo.

Baba Direba Daura: Wa alaikumus salam. Yaro ɗauki manuwal ka huta. Shekara talatin da ɗoriya na yi bisa titi, daga gingimari har tirela, Legas, Fatakwal, Maraɗi, ban taɓa jan kaya da motar da ke canza ma kanta giya ba. Mota mai kaya kai ke gaya mata abin da za ta yi, ba ita ke gaya maka ba. Batir ya mutu maka cikin daji yara ukku su tura ka saki kulochi ta tashi, otomatik kau sai ka zauna kana kallonta tana kallonka.

Mai Raguna: Maganar Baba dutse. Duk kasuwar Mai'adua ka zagaya ka ƙirga a-kori-kurar da ke lodin dabbobi ka gaya mani nawa ce otomatik.

Injiniya KT: Baba Allah shi ƙara girma, maganar turawa gaskiya ce ba gardama, amma maganar wai otomatik ba ta jan kaya tsohon zance ne. Bari in yi bayani yadda na fahimta. A manuwal in za ka tashi da kaya mai nauyi dole sai ka ɗan riƙe kulochi rabi kana ba ta totur har motar ta motsa, wannan riƙon shi ne faranti yana goga yana cin kanshi, duk nauyin da ke bayanka a kan ɗan farantin nan yake sauka. Otomatik ba ta da wannan, tsakanin injin da giyabos akwai wani abu kamar ƙwarya biyu da aka kife juna cike da mai, tok kwanbata, injin na juya ɓangare ɗaya mai na tura ɗayan, kuma lokacin tashi har ninka ƙarfin juyin yake kusan biyu. Shi ya sa wajen tashi daga tsaye da tirela, ko cikin gosulo irin na kasuwar Charanci ranar cinta, ko yin ribas a hankali, otomatik ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ke kashe ta ɗaya ne, zafi. Man nan da ake ta markaɗawa zafi yake yi, in ya wuce ƙima ya ƙone, in ya ƙone faifan da ke cikin giyabos su bi shi.

Baba Direba Daura: To ai kai da bakinka ka faɗa. Zafi. Mu kuma ina muke? Watan huɗu Daura ma'auni na wuce 40, kwalta har laushi take. Ka ɗauko motar da maƙiyinta zafi ka kawo ta garin zafi ka ɗaura mata ɗaki.

Bakatsinen Texas: Salam Baba, a gafarce ni zan sa baki. Nan inda nike zafin bazara bai da maraba da na gida, shi ma yana taɓa 40, kuma nan ne ake jan irin waɗannan ɗakunan da gaske, wasu sun ninka na Baban Khalifa ukku, ranar Juma'a da yamma sai ka ga layinsu bisa babbar hanya. Kusan duk otomatik ke jansu. Ford sun daina sa manuwal a F-150 tun bayan ta 2008, Ram mai injin Cummins ita ce babbar a-kori-kura ta ƙarshe da ake samu da kulochi, ita ma daga ta 2018 aka rufe babin. Tundra ɗin nan da ake shigowa da su gida masu 5.7 babu manuwal cikinsu ko ɗaya, wani maɓalli gare su an rubuta TOW/HAUL, ka danna shi sai ta riƙa jinkirin canza giya kuma in kana gangara ta sauko da giya da kanta ta riƙe motar. In da otomatik ba ta jan kaya da mutanen nan ba su bar manuwal ba, su da kowa ke neman kai kamfani kotu.

Mai Raguna: Malam na Texas titinku da namu ɗaya ne? Ku in ta lalace waya za ku buga a zo a ɗauka. Mu in ta tsaya maka tsakanin Daura da Kwangwalam sai dai ka nemi mai amalanken shanu.

Bakatsinen Texas: Wannan kam ka fi ni gaskiya, ban ja ba.

Oga Bakanike: Ina ta karantawa ina dariya don duka biyun ni suke kawo ma kuɗin cefane. Bari in gaya maku abin da nike gani da idona a gareji ba abin da aka karanta ba. Giyabos ɗin otomatik na Toyota yana da rai ƙwarai, waɗanda ake kawo mani sun mutu yawancinsu ba kaya ya kashe su ba, mai ne. Mutum ya je wajen masu juye su ɗura mashi kowane jan mai suka samu a galan, alhali an rubuta jikin sandar awon ko cikin littafi irin wanda take sha, tsofaffin T-IV sababbin WS, ba a haɗa su ba a musanya. Wani kuma tun da aka sauke motar daga jirgi ba a taɓa duba man ba, ka zaro ka ga ya koma kalar shayin da ba madara yana warin ƙauri, sai ya ɗaura kaya ya kama hanyar Kano da rana tsaka, kafin Bichi ta fara jan ƙafa ya ce ai otomatik ba ta da ƙarko. Manuwal kuma masu riƙe kulochi ke kashe ta, ƙafa na kan feda kamar an liƙa, wata shida a zo a sauke giyabos a sa faranti da diski da boris. Bambancin shi ne kulochi ko Mashi ko Mai'adua za ka samu mai sa maka shi yau ka tafi gobe, kuma kuɗinshi bai kai ka sayar da sa ba. Giyabos ɗin otomatik in ya tafi, masu buɗe shi su gyara da gaske ba su da yawa, yawanci sai dai a nemo na Beljiyam a Kano a ɗora, shi ma sa'a ce, kuɗin kau ba a magana.

Baban Khalifa: Oga to kai in kai ne wacce za ka ɗauka?

Oga Bakanike: Wa zai riƙa tuƙawa, kai ko yaro?

Baban Khalifa: Ni da kaina, sai dai wani lokaci ƙanena.

Oga Bakanike: In kai ne da gwiwar da ka ce, otomatik ba laifi amma da sharaɗi, a sa mata kula.

Ɗan Mashi: Kula kuma? Ta zuba shinkafa ko ta ƙanƙara?

Oga Bakanike: Kai dai Allah shi shirye ka. Ƙaramin lagireto ne na man giya, ana ɗaura shi gaban babban lagireto, man ya bi ta ciki iska ta buge shi kafin ya koma. Asali man giya ta cikin gindin lagireton ruwa yake bi ya huce, to in injin kanshi ya ɗau zafi saboda kaya ka ga mai sanyayawar ma na neman mai sanyaya shi. Sannan in kana jan ɗakin kar ka bar ta a D tana ta hawa da sauka tsakanin giya ta ukku da ta huɗu, wannan farautar giyar ita ke dafa mai, in mai maɓallin O/D ce ka kashe shi, in mai lamba 3 ce ka ja ka aje nan. Za ta ɗan ƙara ƙara da shan mai amma giyabos ya huta. Manuwal ma haka, da kaya kar ka maƙale a giya biyar, huɗu ita ce giyar kaya.

Injiniya KT: Don adalci ga Baba, su kansu Toyota akwai lokacin da suka fi yarda da manuwal. Da suka fito da Hilux ta 2015 mai dizal 2.8, a Ostareliya sun rubuta manuwal za ta ja 3500 kg otomatik 3200 kg, sai a gyaran 2020 suka ɗaga otomatik ɗin ta kamo 3500. Amma dan Allah kar wani ya ɗauki wannan lambar ya ɗora ma 2.7 mai fetur, nata bai kai nan ba, kowa ya duba littafin motarshi. Kuma duk lambobin nan na tirela mai birkinta ne, wadda ba ta da birki 750 kg ne iyaka.

Baba Direba Daura: Alhamdu lillahi ko Bature ya san gaskiya. Yanzu ku ba ni amsar gangara. Wanda bai sauka Hawan Kibo da kaya ba bai san tuƙi ba. Nan giya ke riƙe mota ba birki ba, ka sa ta biyu ka ɗauke ƙafa injin na kuka yana riƙewa, wanda ya dogara da birki kafin rabin gangara sun yi ja sun ɗauke, na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu wurin.

Injiniya KT: Amin Baba. Amma otomatik ma tana da 2 da L ai, aikinsu kenan, mutane ne ba su taɓa su, wani har ya sayar da motar bai san mi aka sa su yi ba. Na yarda riƙon bai kai na manuwal tsauri ba. Sai dai kuma tsakanin Katsina da Daura wane Hawan Kibo gare mu, hanya shimfiɗe kamar tabarma, kilomita tamanin da 'yan kai.

Mai Raguna: Kwalta kuke ta magana. Ni tambayata daga inda ya sauka kwalta zuwa bakin gonar mi ke akwai? Don na san yankin, rairayi ne. Bara ana saura kwana tara Babbar Sallah na ɗauro 'yar tirelar da mai walda ya haɗa mani bayan motata, raguna goma sha huɗu ciki wasu kuma a bodi, muka bar burji muka shiga wata hanyar shanu don mu yanke, wallahi ko tafiyar minti biyar ba mu yi ba ta kafe. Yaron da ke ja sabon hannu ne ya dinga ba ta wuta yana sakin kulochi rabi, gaba baya gaba baya, ni ina waje ina ihu ya tsaya bai ji, sai wani wari ya taso kamar an ƙona gashi da roba, hayaƙi na fita ta ƙarƙashi, shi kenan feda ta zama lagwani. Nan muka sauke raguna ɗaya bayan ɗaya muka ɗaure su gindin kalgo, muka kwana, sauro ya yi walima. Kuma manuwal ce fa, don kar a ce ina son kai.

Baba Direba Daura: Wannan ba laifin mota ba ne, laifin wanda ya ba yaro makulli ne.

Mai Raguna: Na karɓa Baba, jiki magayi.

Oga Bakanike: Yawwa Mai Raguna ka taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Baban Khalifa motocin nan biyu duk fowil ne, wato masu ja da tayu huɗu? Don in za ka shiga rairayi da tan ɗaya da rabi a baya, wannan tambayar ta fi ta manuwal da otomatik nauyi. Mai fowil tana da ƙaramar giya L4, ka sa ta motar na tafiya kamar hawainiya amma da ƙarfin raƙumi, ba ka buƙatar riƙe kulochi ko kaɗan, a otomatik kuma man ba ya dahuwa. Ka rage iskar tayu kafin ka shiga, ka fito ka ƙara. Amma kar a yi yawo da fowil bisa kwalta ana shan kwana, tana ɗaure kanta.

Baban Khalifa: Wallahi ban duba ba, na ga dai duk dogaye ne masu ƙofa huɗu na ɗauka duk ɗaya ne. Gobe in sha Allahu zan koma.

Maman Ilham: Sallama gare ku. Ni ba bakanika ba ce amma ni ke jan motar gidanmu tun da maigidan ya samu ciwon ƙafa, kuma ina kai kayan haya na biki, kujeru da rumfuna, da 'yar tirela a baya. Duk wanda ke cewa manuwal bai taɓa shiga layin gidan biki cikin gari da tirela ba, yara na gilmawa 'yan acaɓa na kutsowa mai kurkura ya tsaya maka a gaba, ƙafarka ta hagu har rawa take. Da muka koma otomatik na ji kamar an sauke mani dutse. Shekara huɗu yanzu ba abin da ya samu giyar, duk abin da bakanike ya ce a canza ina canzawa a kan lokaci ba na jira sai ta yi kuka. Baban Khalifa ka ji tausayin gwiwarka, ita ba a sayo ta Beljiyam.

Ɗan Mashi: Hajiya ta kashe zance, a tashi a ba ta kujera.

Baba Direba Daura: Hajiya kujerun roba ai ba kaya ba ne, iska ce aka ɗaure da igiya.

Maman Ilham: Baba da janareto biyu da ƙarafan rumfa? Ka zo ka ɗaga ɗaya in gani, in ba ka tukuici.

Admin: Jama'a a ci gaba da raha amma a kiyaye girman juna, kuma masu turo tallan fili a tsakiyar magana na goge, na gaba fita zai yi.

Bakatsinen Texas: Akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ya fi ba ni tsoro, wato yadda za a haɗa ɗakin da motar. Tunda daga Jamus ya zo, bakinshi na ƙwallon Turai ne mai milimita 50, wato dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da bakin ke hawa kai. Ƙwallon Amurka inci 2 ne, wato 50.8, ido ba ya rabewa amma ba ɗaya ba ne, akwai kuma wani ƙarami inci ɗaya da bakwai bisa takwas wanda zai shiga ya yi kamar ya kama sai an faɗa rami ya tuma ya fita. Ka sa a auna kafin ka saya. Kuma dan girman Allah kar a kai ma mai walda ya liƙa ƙwallo jikin bamba, jikin shasi ake ɗaure ƙarfen da kusoshi. Birkin na Turai kuma daban yake da namu na nan, namu na lantarki ne sai an sa wata na'ura cikin mota, nasu in ka taka birki ɗakin ya turo gaba sai bakin ya matse ya ja waya ta kama birkin tayunshi, ba ruwanshi da ko motar manuwal ce ko otomatik. Amma abin da ya daɗe a ajiye ya sha ruwan teku ya sha ƙurar Katsina wayoyin nan kan ƙage, a buɗe a duba a sa giris. Akwai wata siririyar waya da ake maƙalawa jikin mota, in ɗakin ya ɓalle ita ke jan birki, kar a ce ado ce a cire.

Baban Khalifa: Ikon Allah, wayar nan na gan ta, har Khalifa ya ɗaure mata gwangwani. Akwai kuma wata takarda zagayayya a bayanshi an rubuta 100, ita kuma fa?

Bakatsinen Texas: Ta Jamus ce, can mai jan tirela 80 aka yarda ya yi, sai wanda aka duba aka ba wannan tambarin zai yi 100. Kai dai manta da ita, a titinmu ka tsaya 60 zuwa 70. Abu ɗaya da ka yi sa'a, wutar cikinshi 230 ce irin tamu ta gida, da na Amurka ne 120 sai ka nemi taransifoma.

Baba Direba Daura: To nan kam ni da na Texas mun haɗu. Tirela lodi ke tuƙa ta. Ka tara nauyi a baya gabanta ya yi sama, kana kai wani gudu za ta fara kaɗa wutsiya, babbar mota ta wuce ka iskarta ta buge ka, sai ka ji bayan motarka na bin ta hagu da dama. Mai nauyi duk a ƙasa bisa kan tayu, gaba ya ɗan fi baya nauyi kaɗan yadda bakin zai danna ƙwallo. In ta fara rawa kar ka taka birki da ƙarfi kar ka yi kokawa da sitiyari, ɗauke ƙafa daga totur ka riƙe ta miƙe har ta natsu. Kuma na san halinku manoma, za a ce ai akwai wuri a cusa buhun taki biyar da injin ban ruwa da jarkoki, buhu ɗaya kilo 50, jarka ɗaya ta ruwa kilo 25, lambar 1500 da ka gani iyakarshi ce da kayanshi duka ba wai nauyinshi babu komai ba. Taki a bodin mota, shi ma da lissafi.

Injiniya KT: Wannan darasin ko a makaranta sai an biya. Na ƙara da madubi, ɗakin ya fi Hilux faɗi, in ba ka sa madubin da ke miƙowa waje ba ba za ka ga mai tahowa bayanka ba. Da fitilun baya da sigina, soket ɗin Turai ne sai mai wayarin ya haɗa maka, kar ka hau titi babu su ko da rana.

Ɗan Mashi: Ni tambayata ɗaya, shan mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 ko babur sai da lissafi nike hawa. Wacce ta fi sha?

Oga Bakanike: Tsohuwar otomatik mai giya huɗu ta ɗan fi manuwal sha, sababbin masu giya shida bambancin ya ragu. Amma da ka ɗaura ɗaki mai tsayin nan yana tare iska kamar bango, duka biyun mashaya ne, kar ma ka sa rai. Shi da zai ja sau biyu ko huɗu a shekara ba nan asararshi take ba. Wani abu kuma tunda Baba ya yi maganar daji, in otomatik ta mutu maka kar ka yarda a ɗaura igiya a ja ta nisa tayun baya na ƙasa, famfon man giya da injin yake aiki, injin a kashe giyabos na juyawa a bushe. A kwance furofela tukuna ko a ɗora ta bisa wata motar. Mutum biyu na sani da ƙaramar matsalar wuta ta tsayar da su, jan da aka yi masu ya cinye giyabos.

Baban Khalifa: Salam jama'a, na dawo da rahoto, ku yi haƙuri kwana ukku shiru. Na koma wajen dillali tare da Oga Bakanike, Allah shi saka mashi ya bar aikinshi ya bi ni. Ashe otomatik ɗin ba fowil ba ce, tayun baya kaɗai ke ja, an dai ɗaga ta an sa mata manyan tayu da sitika a gefe, Oga ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana dariya ya ce babu komai a gaba. Ya zaro man giyar kuma ya shinshina ya miƙo mani, ni da ban san komai ba na ji ƙauri. Manuwal ɗin ce mai fowil, L4 na shiga lafiya. Jiya kuma wani abokina ya ara mani tashi mai ƙwallo a baya muka auna ya yi daidai muka gwada jan ɗakin nan cikin unguwa. Gaba ba matsala. Ribas ne tashin hankali, in na juya dama ya tafi hagu, in na gyara ya naɗe kamar wuƙar aski, na fi rabin awa ina neman saita shi da ƙofar gareji, unguwa ta cika da 'yan kallo kowa na ba da umarni, har na fara jin warin da Mai Raguna ya faɗa na kashe na fito. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi tuƙin tanka ya karɓa ya sa hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, sau ɗaya ya shigar da shi, ya ce in riƙa kama ƙasan sitiyari duk inda nike son bayan ɗakin ya tafi in kai hannuna can. Sannan ya nuna mani lamba huɗu jikin tayun ɗakin, 2314, wai sati na 23 na shekarar 2014 aka yi su, zanen bai cinye ba amma gefen duk ya tsattsage, ya ce ko Mashi ba za su kai ni ba a zafin nan.

Baba Direba Daura: To mi na ce tun farko? Manuwal.

Injiniya KT: Baba ai ba manuwal ce ta ci ba, fowil ce ta ci. Da otomatik mai fowil ya samu mai lafiyayyen mai har yanzu ita zan ce.

Baba Direba Daura: Da ba ta tsiro a gona, Injiniya. Wacce zai biya kuɗinta?

Maman Ilham: Gwiwar fa? An bar maganarta kenan?

Baban Khalifa: Hajiya gwiwa na nan na gaya ma dillali ya ba ni sati biyu ya nemo otomatik mai fowil, in an samu Oga ya duba ya sa mata kula, in ba a samu ba zan ɗauki manuwal ɗin ƙanena ya riƙa ja ranar kai ɗaki da ranar ɗauko shi, ni in zauna gefe. Tayu dai na riga na aika Kano a sawo guda ukku har da safaya.

Mai Raguna: Ƙanen naka ya iya ko irin yarona ne?

Baban Khalifa: Shi ne abin da nike son roƙon Baba, in mun biyo ta Daura ko zai ba shi awa biyu a wani fili ya koya mashi ribas da tashi da kaya.

Baba Direba Daura: Ku zo bayan la'asar rana ta yi sanyi, ban da ranar Juma'a. Ya taho da takalmi sau-ciki ba silifa ba, ku kuma taho da jarkoki huɗu babu komai ciki mu jera su ya riƙa shiga tsakani. Wanda ya take jarka shi zai sayi fura.

Ɗan Mashi: A sa ni cikin lissafin furar, ina nan bakin hanya za ku ɗauke ni, cikin ɗakin zan zauna bisa gado.

Bakatsinen Texas: Ba a zama ciki ana tafiya malam, ko nan haramun ne a mafi yawan jihohi, ba bel ba komai.

Ɗan Mashi: To a bodi, kusa da taki.